Kafin a ce aljani ne

Rabon gushewar hankali na farko da na koya, a zauren mahaifina na koye shi, nan Tawa, muna karatun Ishmawi bayan sallar Asuba. A babin abubuwan da ke warware alwala, littafin ya kasa barci gida huɗu. Mai tsawo mai nauyi yana warware alwala. Gajere mai nauyi shi ma yana warwarewa. Gajere mara nauyi ba ya warwarewa. Mai tsawo mara nauyi kuwa, an so mutum ya sake alwala. Sai wani babban almajiri ya ce, "Allah gafarta Malam, to yaya mutum zai san nasa ya yi nauyi, tunda shi barci yake?" Baba ya ce, "In tasbaha ta faɗi daga hannunka ba ka sani ba, ko miyau ya zubo ba ka ji ba, ko ana magana kusa da kai ba ta shiga kunnenka ba, to ya yi nauyi. Tashi ka nemi buta."

Na daɗe ina aikin jinya, gardin dare kuma shi ya fi yawa a aikina, amma har yau ban ji tambayar da ta kama bakin zaren maganar kamar ta almajirin nan ba. Wanda hankalinsa ya sauya ba zai iya ba da shaida a kan kansa ba a wannan lokacin, sai dai a nemi alamar da ke waje, wadda na kusa da shi zai gani. Malaman fikihu sun gane haka tun tuni. Ba su tsaya binciken abin da mai barcin ke gani a ciki ba. Sun ɗauki ma'auni biyu da kowa zai iya aiki da su, nauyi da tsawo. Ahalari da Risala kuma suka jera abubuwan da ke gusar da hankali: barci mai nauyi, suma, maye, hauka. Duk wanda ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai a ƙasar Adar ya haddace wannan jeri.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Imamu Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285. A littafinsa Al-Furuƙ ya kasa abubuwan da ake ci ko sha su taɓa hankali gida uku, da tambaya biyu kacal. Ta farko: ji da gani da taɓawa sun tafi tare da hankalin? In sun tafi, wannan mai kwantarwa ne. In suna nan, sai a yi ta biyu: akwai nishaɗi da annashuwa da jin ƙarfi? In akwai, mai sa maye ne, irin giya. In babu, sai ruɗewa kawai, to mai ɓata hankali ne. Shi a wannan gida na uku ya sa wiwi, wasu malamai kuma suka saɓa masa suka ce tana cikin masu sa maye.

Na sha gwada rabon nan a kan abin da ake kawo mana. Allurar barci ta ɗakin tiyata tana gida na farko, babu gardama. Zaƙami yana gida na uku, duk wanda ya taɓa ganin yaron da ya sha shi ba zai yi musu ba: ƙwayar ido ta buɗe ƙwal, fata ta bushe ta yi zafi, baki ya ƙafe, yana ta tsintar abin da babu a iska yana magana da mutanen da ba su wurin, babu wani daɗi a fuskarsa, washegari kuma bai san an yi ba. Tramol ce ta ƙi zama gida ɗaya. Wadda muke rubutawa don ciwo miligiram 50 ce, ba a wuce 400 a yini, amma ta hannun 'yan tebur da masu yawo da ita sai ka ga an rubuta 200 ko 225 a ƙwaya guda. Da fari ƙarfi take sa wa, shi ya sa 'yan kabu-kabu da masu bugun bulo da 'yan ƙwadagon gona suke neman ta. In an ƙara sai jijjiga ta zo, saurayi ya faɗi daga kan babur yana fizge-fizge. In an sake ƙarawa sai numfashi ya yi ƙasa ya kasa farkawa. Ƙwaya ɗaya ce, yawan da aka haɗiya ke kai ta daga wannan gida zuwa wancan, don haka sanin sunan abin da mutum ya sha bai isa ba.

A asibiti ma daga waje muke aunawa. A 1974 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a birnin Glasgow na Birtaniya, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da ma'aunin suma da duniya ke aiki da shi har yau. Abu uku ake dubawa: buɗe ido, maki 4, magana, maki 5, motsi, maki 6. Mai cikakken hayyaci yana da 15, wanda ba ya komai yana da 3, daga 8 zuwa ƙasa kuwa rai na cikin haɗari. Yaron da bai fara magana ba ba za a auna shi da wannan ba, sai aka yi masa nasa a Blantyre ta ƙasar Malawi a 1989, daga 0 zuwa 5: idonsa na bin fuskar uwarsa? Yana kuka yadda ya saba? In an matsa masa ya san inda ke ciwo ya kai hannu? Shi ne ma'aunin da ya fi zama a bakina daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sauro ke cika mana ɗakin yara.

Dalilin da ya sa nake rubuta wannan shi ne abin da nake gani a waɗannan watanni. Abubuwan da ke juyar da hankali su kashe mutum cikin sa'o'i ba su da yawa, kuma duk akwai maganinsu. Akwai zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wanda allurar atesunet ke iya juyawa in an zo da wuri. Akwai sanƙarau, wanda mutanen Yamai ba su manta da shi ba tun 2015 da har aka rufe makarantu saboda shi. Akwai faɗuwar sukari a jini, da jijjigar mai ciki da hawan jini ke kawowa, da bugun kai bayan haɗarin babur, da zafin Afrilu da Mayu in ya haɗu da ƙishirwa. Kowanne cikinsu yana iya zuwa da sambatu, da kafewar ido, da ihu cikin murya irin wadda iyaye ba su taɓa ji ba, da ƙarfin da maza uku ba su riƙe shi. Kama da wane ba ta wane, amma a tsakar dare cikin firgita, wa ke tuna wannan?

Wani dattijo mai ciwon sukari ya taɓa zuwa mana cikin azumi, ana cikin zafi, 'ya'yansa sun ɗaure masa hannu da rawani. Tun bayan La'asar ya fara zagin mutane, shi da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya cire riga a ƙofar gida, bai gane babban ɗansa ba. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Babban ɗan ya ja ni gefe ya ce, "Majo, mu dai mun san sammu ne, akwai rigimar gona. Mun biyo ne a ba shi abin da zai sa shi barci kafin mu wuce wurin mai magani." Na ce, "Alhaji, ba ni ɗan yatsansa tukuna." Sukarin ya yi ƙasa ƙwarai, ya sha ƙwayarsa da sahur bai ci abin kirki ba. Muka tura masa ruwan sukari ta jijiya. Ba mu gama kintsa kayan ba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ina rigata? Wa ya ɗaure ni?" Da an ba shi maganin barcin da suka nema aka ɗora shi a mota, ban tsammanin zai ga asuba.

Ban ga laifin 'ya'yansa ba, don abin da kowa ke yi suka yi. Mu da dalili muke fara rabo. Kafin a taɓa goshin mutum an riga an ce aljani ne, ko sammu, ko ƙwaya, ko hauka, kuma sunan da aka fara furtawa shi ke zaɓar hanya. In an ce aljani, sai gidan mai ruƙiyya. In an ce iska, a ƙauyukan da har yanzu ake yi, sai gidan bori. In an ce ƙwaya, sai duka ko komisariya. In an ce hauka, sai mari da turu a ƙuryar ɗaki. Gidan likita yakan zo na ƙarshe, bayan kwanaki, bayan an sha hayaƙi da rubutu, wuya ya riga ya sanƙare. Ni Musulmi ne, akwai sura sukutum ta aljanu a Alƙur'ani, ban taɓa ce wa kowa babu su ba. Abin da nake cewa shi ne dalili abu ne da ake kaiwa gare shi bayan an duba, kuma dubawar ba ta cin minti goma: zafin jiki, wuya, ƙwayar ido, sukari, awon palu, wato zazzaɓin cizon sauro, da awon hawan jini ga mai ciki.

Masana na Turai da Amurka sun yi nasu rabe-raben, na kuma karanta abin da ya zo hannuna. A 1966 wani likitan taɓin hankali a Amurka, Arnold Ludwig, ya raba waɗannan yanayi bisa ƙofar da ake shiga ta cikinta, ya samu biyar. Akwai raguwar abin gani da ji da motsi, irin abin da ke samun direba a hanyar Tawa zuwa Agadas in ya wuce Abalak da dare, ko mai zaman halwa. Akwai yawaitarsu, kamar kiɗa da rawa da cunkoson jama'a. Akwai tsananin tattara hankali wuri guda na dogon lokaci, akwai sakinsa ya yi yawo, sannan akwai sauyin da ke cikin jiki kansa: yunwa, ƙishirwa, zazzaɓi, rashin barci, ƙwaya. A 2005 Dieter Vaitl na Jami'ar Giessen a Jamus da abokan aikinsa suka sake tsara abin: wanda ke zuwa da kansa irin gyangyaɗi da mafarki, wanda ake jawowa ta jiki, wanda ake jawowa ta zuciya, da wanda cuta ke kawowa.

Rabon yana da amfani, ya kuma warware mini abu ɗaya da ya dame ni tun ina saurayi, wato dannau. A 1953 aka gano a Jami'ar Chicago cewa akwai matakin barci da ido ke wulgawa a ƙarƙashin fata, wanda mafi yawan mafarki ke zuwa a cikinsa, daga baya kuma aka fahimci cewa a wannan mataki jiki yakan saki gaba ɗaya don kada mai mafarki ya tashi ya aikata abin da yake gani. In hankali ya riga jiki farkawa, sai mutum ya samu kansa ido biyu, ƙirji a danne, ya kasa ɗaga ko ɗan yatsa, guntun mafarkin kuma yana tsaye a bakin ƙofa. Ba ya daɗewa, ba ya kisa, ya fi samun masu kwanan rigingine da waɗanda barcinsu ya hargitse, irin mu 'yan gardi da ɗalibai lokacin jarrabawa. Ina gaya wa masu zuwa da shi su yi addu'ar kwanciya su kwanta a gefen dama kamar yadda sunna ta koyar, su kuma daidaita lokacin barci.

Inda rabon Ludwig da na Vaitl suka gaza a wurina shi ne ƙofar shiga ba ta gaya maka ɗakin da aka shiga. A lissafinsu mai rawar bori da mai zikiri cikin jama'a kusan layi ɗaya suke, tunda duka akwai sauti mai maimaituwa da motsin jiki. Na tashi tsakanin biyun, kuma babu ɗaya cikinsu da zai yarda da wannan haɗi.

Kakata ta wajen uwa godiya ce, wato macen da iska ke hawa, 'yar bori a wani ƙauye ta yankin Illela. Baba bai son a yi zancen a gidansa, amma in mun je hutu mukan gani. Mai goge zai zauna, masu ƙwarya a gefensa, a fara kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya, kowanne da takensa da kirarinsa. Takan zauna ne cikin mata tana hira, ana ta kiɗa ba abin da ya same ta, har sai an ɗauko taken nata. A nan za ta fara hamma, ido ya juye, jiki ya ɗauki rawa, ta yi tsalle ta faɗo da zaune. Matan da suka san aikinsu su ɗaure mata zane, su sa mata tufafin wanda ya hau. Murya ta sauya, tafiya ta sauya, tana gaisawa da mutane kamar baƙo mai sarauta, ana durƙusa mata ana kawo kuka. Can sai ta yi atishawa, ta zube, a rufe ta da zane. In ta tashi ruwa take fara nema, ta tambayi abin da aka ce, don ita ba ta riƙe komai ba.

Abin da ya sa na kawo ta shi ne labarin da uwata ta ba ni na farkon lamarin. Kafin a yi mata girka, wato a shigar da ita bori, ciwo ne zalla: tana faɗuwa a bakin rijiya, a gona, a tsakiyar daka, ta rame, ba ta barci. Bayan girka ba ta ƙara faɗuwa a ko'ina ba sai a filin wasa, sai an yi kira, kuma da an sallama ta koma gida ta ɗora tukunya. Su kansu 'yan bori sun raba waɗannan biyun sarai, wanda iska ta kama da wanda ya zama doki. Na kuma ji ta da kunnena ta duba wani yaro da aka kawo mata, jikinsa zafi rau, ta ce wa uwar, "Ɗiyata, wannan ba namu ba ne, masassara ce. Ki kai shi likita." Ban kawo wannan don in wanke bori ba, hukuncinsa a addini sananne ne kuma ina kan abin da Baba ya koya mini. Amma tsohuwar nan ta taɓa goshin yaron kafin ta yi magana, abin da wasu masu ruƙiyyar yau ba su yi.

Masu binciken al'adu sun fi kusa da abin da na gani. Nicole Echard ta Faransa ta daɗe tana nazarin borin Adar, ta fitar da littafi a kansa a 1989. Erika Bourguignon ta Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ta duba bayanan al'ummu 488 na duniya, a 1973 ta bayyana cewa 437 cikinsu, wato kashi 90 cikin 100, suna da wani tsari da suka amince da shi na fita daga hayyacin yau da kullum, kusan rabi kuma suna ɗaukar abin a matsayin hawan wani ruhi. Sai Gilbert Rouget, masanin kiɗa na Faransa, wanda a 1980 ya raba abin gida biyu: wanda ke zuwa cikin shiru da kaɗaici da zama wuri ɗaya, mai shi ya ga abubuwa ya kuma tuna su, da wanda ke zuwa cikin amo da taro da motsi, mai shi ya farka bai tuna komai ba. Ya kuma ce kiɗa ba ya jefa mutum da ƙarfin kansa, sai wanda aka horar ya san abin da taken ke nufi. Wannan gaskiya ce, don mu yara muna zaune dab da gogen ba abin da ya taɓa samunmu.

Sai dai zikirin Juma'a bai shiga ko ɗaya cikin gidajen Rouget ba. Duk wanda ya taɓa zama a da'irar hailala tsakanin La'asar da Magariba, a zawiyar unguwa ko a taron Maulidi a Kiyota, ya san akwai amo, akwai taro, akwai rangaji, wani lokacin wani ya fashe da kuka ko ya yanke jiki. Amma in ya dawo, shi ne dai, da muryarsa da sunansa, yana kuma iya gaya maka abin da ya ji in ya ga dama. Sufaye suna da nasu rabon da ya girmi duk waɗannan. Imamu Ƙushairi, wanda ya rasu a 1072, ya bambanta maƙami, wanda bawa ke samu da ƙoƙari ya zauna a kansa, da hali, wanda kyauta ce ke sauko wa zuciya ta wuce ba da neman mai ita ba. Sun yi maganar ƙunci da yalwa, da maye na shauƙi da wartsakewa daga gare shi, Junaidu na Bagadaza kuma ya fifita wartsakewar. Ana ruwaito cewa an kai masa labarin wani da ya kwana da kwanaki yana ambaton Allah bai ci bai sha ba, sai ya tambaya ko yana salla a kan lokaci. Aka ce yana yi. Ya yi hamdala. Shi ma ka ga alamar waje ya nema.

Daga kakata da Junaidu na samu tambayoyin da nake yi bayan na tabbata babu abin da zai kashe mutum a daren. Shi ya nemi shiga, ko faɗo masa abin ya yi? Akwai hanyar fita da shi da mutanensa suka sani? In ya fito, yana komawa sallarsa da sana'arsa da iyalinsa, ko kullum ƙara nisa yake? Na yi mamaki da na ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya kusan wuri ɗaya. A kundin rabon cututtukanta na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, akwai fita hayyaci da jin wani ya hau mutum a cikin jerin cututtuka, amma da sharaɗi: sai in ba da son mai shi ba ne, ba ya cikin abin da al'adarsa ko addininsa suka amince da shi, yana wahalar da shi ko yana ɓata masa rayuwa, kuma ba ƙwaya ko ciwon ƙwaƙwalwa suka kawo shi ba.

Wurin da tambayoyin nan suka fi yi mini aiki shi ne faɗuwar 'yan mata a makarantu. Ɗaya ta yi ƙara a cikin aji ta zube, kafin a ɗebo ruwa wasu sun bi ta, a tashi makaranta, gari ya ɗauka. Abin ya yawaita a Nijar har Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta yi rubutu a kansa. In an kawo mana su, abu na farko shi ne a raba su ɗaki daban-daban, a kori 'yan kallo, a hana ɗauka da waya. Sai awo. Akan samu wadda palu ne ko yunwa ta kayar da ita da gaske, ita ce ta farko sau da yawa. Sauran za ka ga ido a runtse gam, in ka so buɗewa su ƙara matsewa, sun faɗi ba su ji ciwo ba, abin kuma yana ɗaukar lokaci mai tsawo yana tashi yana kwantawa. Ba ƙarya suke ba, ina kuma jin zafi in na ji ma'aikaci ya ce iskanci ne. In ɗaki ya yi shiru ka zauna ka ce, "Ɗiyata, me ke damunki a gida?" sai ka ji an tsayar da ranar aure ba da sonta ba, ko jarrabawa ta matso, ko ta fito tun safe cikinta babu komai ta yi tafiya mai nisa a ƙasa. Wadda aka zane da bulala don a fitar da aljani kuwa, da tabo biyu take zuwa mana.

Akwai wani malami a unguwarmu, almajirin Baba ne, da mutane ke kai masa irin waɗannan. Na je na same shi na ce, "Malam, ba hana ka karatu na zo yi ba. Alfarma ɗaya nake nema: duk wanda aka kawo maka jikinsa da zafi, ko wuyansa ya ƙage, ko mai ciki ce, ko yaro ne ƙarami, ko ka kira shi bai amsa ba, turo shi wurinmu tukuna. Ka biyo shi ka yi masa tofi a bakin gado, ba mai hana ka." Ya ce ai ko Ibnul Ƙayyim ya raba farfaɗiya biyu, ta ruhohi da ta ruwayen jiki, ya ce ta biyun ita likitoci ke magana a kanta. Tun daga nan yana turowa, wani lokacin ma shi ke ɗauko su a bayan babur ɗinsa.

Masu farfaɗiya ne har yanzu ba su zuwa wurinsa ba su zuwa wurinmu, don a gida ake ɓoye su, kuma babu wanda rabon kuskure ya cuta kamarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta su kusan miliyan 50 a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Gardenal, maganin farfaɗiya, yana cikin magunguna mafi araha a farmasi. Amma yaro ya faɗi a kasuwa sai a watse, wai miyansa na sa cutar, alhali ba a ɗaukarta ta miyau ko numfashi ko cin abinci kwano ɗaya. Na wanke ƙunar matan da suka faɗa murhu mutanen gida na tsaye suna tsoron taɓa su. An cire yara masu kaifin ƙwaƙwalwa daga lakwal, an fasa aure, an ware wa mutum kwanonsa da randarsa. A Bukhari akwai matar nan da ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana faɗuwa tana tsiraita. Bai gudu daga gare ta ba, ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai kai ta Aljanna, ya kuma roƙa mata Allah kada ta ƙara tsiraita.

Awon wutar ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da cutar, wanda Hans Berger na Jamus ya fara bayyanawa a 1929, mu a ƙaramin asibiti ba mu da shi, sai mu rubuta takarda zuwa Yamai. Amma mafi yawan lokaci bayanin wanda ya ga faɗuwar yakan isa a fara magani: ya sanƙare ne kafin ya fara fizga, ido a buɗe ya kafe, ya ciji gefen harshe, fitsari ya zubo, abin ya tsaya cikin minti biyu ko uku, ya bi da barci mai nauyi da ciwon kai. Don haka in ya faɗi a gabanka, tsaya ka kalla da kyau, kai ne shaidarsa. Janye shi daga wuta da ruwa da bakin titi, sa masa wani abu mai taushi a ƙarƙashin kai, kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali ko yatsa ko ruwan rubutu a baki. In fizgar ta lafa, juya shi ta gefe, ka rufe masa jiki, ka zauna da shi har ya san inda yake. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, ko jikin da zafi, nemi abin hawa ku taho ko da tsakar dare ne, akwai mai gardi.